Ɗan Ƙarfen da ke Tsakanin Ido da Taurari

Rubutun wannan makon a kan wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu tsawo ba, amma in babu shi, kuɗin da aka zuba wajen sayen babban madubin hangen nesa sun tafi a banza.

Mu 'yan kaɗan ne masu sha'awar kallon sama da dare. Karo-karo muka yi muka sayi madubi mai ido biyu, irin wanda aka rubuta 15x70 a jikinsa. Lamba ta farko na nufin yana kusanto abu sau 15, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 70. Nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi. Matsalar ita ce, yadda yake ninka girman tauraro, haka yake ninka rawar hannu. Ko bugun zuciya sai ya sa tauraron ya yi ta tsalle. Dole a ɗora shi a kan mariƙi mai ƙafa uku, irin na masu ɗaukar bidiyon biki, kuma abin da ke haɗa su shi ne adafta.

Siffar adaftar kamar harafin L take. Ƙarshenta ɗaya yana ɗauruwa a wani rami da ke gaban madubin, tsakanin idanun biyu, ƙarƙashin ɗan murfi. Ɗayan ƙarshen yana zama a kan mariƙin. Notin da ake amfani da shi kusan iri ɗaya ne da na kyamarori: kaurinsa kwata na inci, da zare 20 a kowane inci. Wanda zai kai wa mai walda ya ƙera masa, sai ya tabbatar zaren ya dace, don notin da aka cusa da ƙarfi yana cinye ramin madubin.

Mun gwada iri biyu. Ta roba, wadda ake yawan sakowa kyauta a cikin kwali, tana lanƙwasa ƙarƙashin nauyi. Iskar hunturu kaɗan ta ishe ta ta yi ta lilo. Araha ba ta ado. Ta ƙarfe ko alminiyam mai kauri kuwa, da an ɗaure ta zauna. Gwajinmu mai sauƙi ne: mu saita tauraro, mu ɗan ƙwanƙwasa madubin da yatsa, mu ƙirga. In hoton ya natsu cikin daƙiƙa biyu ko uku, adaftar ta yi. In har mun kai shida yana rawa, mu ajiye ta.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba sai an zo amfani. Adaftar da ta cika faɗi tana tokare jikin madubin, ta hana a matso da idanun biyu kusa da juna. Babba ba zai damu ba, amma yaro mai ƙaramar fuska ba zai iya gani da ido biyu ba. Mu da ƙannenmu muke kallo, don haka siririya mai ƙarfi muka nema. Manyan madubai irin 20x80 da 25x100 kuwa galibi suna zuwa da sandarsu ta ƙarfe a tsakiya, wadda ake zamewa gaba ko baya har nauyi ya daidaita. Waɗannan ba sa bukatar L ɗin, sai dai mariƙi mai ƙwari, don na 25x100 yana kai wajen kilo huɗu.

Abin tsoro shi ne faɗuwa. A cikin madubin akwai wasu gilasai da aka jera daidai wa daida. Faɗuwa ɗaya na iya gocar da su, daga nan kowane tauraro sai ya zama biyu, kuma masu gyaran irin wannan ba su da yawa a wajenmu.

Ladan natsuwar hoto yana da yawa. Duniyar Mushtari tana bayyana da watanninta huɗu a jere, waɗanda Galileo ya gani a 1610. Kaza da 'Ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ga su gommai. Ramukan wata suna fitowa fes.

Inda abin ya fi nauyi shi ne yammacin 29 ga wata. Jinjirin wata siriri ne kamar zare, yana can ƙasa a yamma cikin hazo, kuma ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana. Ba ma ɗaga madubin sai rana ta faɗi gaba ɗaya, don kallonta ta cikinsa yana makantarwa. A 'yan mintocin nan, hoto mai rawa yana sa bakin gajimare ya yi kama da wata. Maganar da za ta iya kaiwa har fadar Sarkin Musulmi, mutane su ɗauki azumi ko su ajiye, ba a gina ta a kan "kamar na gani".

Saboda haka duk wanda ke tara kuɗin madubi a cikinku, ya ware na adaftar ƙarfe tun farko. Mu haɗu a sharhi.