Huɗu da Huɗu Biyu Ne

Amfilifayar Kawu ta mutu a hannuna ana tsakiyar shigo da amarya, amaryar kuwa ƙanwata ce. Ba ta yi tartsatsi ba, ba ta yi ƙara ba. Wari kawai na ji, irin na robar da ta taɓa garwashi, sai ga yatsuna suna ta kai-kawo a kan tsirkiya amma babu abin da ke fita. Mai fiyano ya waiwayo ya dube ni. Ƙawayen amarya ba su san me ya faru ba, sai dai na ga rangajinsu ya yi sanyi, wata ma ta tsaya tana waige-waige kamar wadda aka kira sunanta daga nesa.

Da aka tashi, kowa ya tambaye ni sai in ce, "Janareta ne." A ƙasar nan babu wanda zai yi maka musu in ka ɗora wa janareta laifi. Kawu ya zo ya tsaya a kan kayansa, ya sunkuya ya shanshana bayan amfilifayar, ya ce, "Allah Ya kyauta." Bai ƙara komai ba.

Sana'ata rubuta manhaja ce. Na karanta ilimin kwamfuta a jami'a, kuma shekara kusan goma ke nan ina cin abinci da ita. Kiɗa a hannun Kawu na koya, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa jitar bes a otal-otal na Kaduna kafin iyali su yi yawa ya koma tuƙin mota. Kayansa sun daɗe a wani ɗakin ajiya an lulluɓe su da tsohon bargo: jitar, da kan amfilifaya, da wani ƙaton akwati mai sifika biyu 'yan inci 15. Kan amfilifayar ɗan Amurka ne, wutar bolt 120 yake ci, don haka ba a taɓa kunna shi sai ta wani taransifoma mai nauyin tsiya da ke sauko da 230 ɗinmu. Ko 'ya'yansa bai yarda su taɓa ba. Ni ya ba aro saboda bikin 'yar yayarsa ne, kuma saboda, a faɗarsa, "Injiniya ai ya san wuta."

Jitar bes ba ta da murya sai da waɗannan abubuwa biyu. Kai shi ne ke karɓar ɗan siririn sautin da ke fitowa daga jitar ya ƙara masa ƙarfi, akwati kuma shi ne ke mayar da wannan ƙarfi iska mai motsi. Wahalar ita ce sautin bes ƙasa yake ƙwarai. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza sau 41 ne kacal a daƙiƙa, rabin abin da mafi kaurin tsirkiyar jita ke yi. Tsawon igiyar wannan sauti a iska ya haura mita 8, ya fi falon yawancinmu. Kafin a ji shi sai an tura iska mai yawa, shi ya sa akwatin bes yake da girma. Kunnen ɗan Adam ma ba ya taimakawa. Tun a 1933 Fletcher da Munson suka auna a Amurka cewa sauti mai kauri sai ya fi na tsakiya ƙarfi nesa ba kusa ba kafin kunne ya ji su daidai wa daida.

Wayar da ke hannunka yanzu ba za ta iya fitar da wannan 41 ɗin ba sam. Abin da sifikarta ke fitarwa 'ya'yan sautin ne na can sama, sai ƙwaƙwalwarka ta cike gurbin uwar da kanta. Wanda bai taɓa tsayawa gaban akwatin bes ba, ya ji wandonsa na kaɗawa a ƙwaurinsa, labarin bes kawai ya ji.

A ɗakin da muke atisaye kayan Kawu sun ishe mu har da saura, domin bango da kusurwa suna dawo da sautin ƙasa su ƙara masa kauri. Liyafar kuwa a fili aka yi, ƙarƙashin rumfuna, babu bango ko ɗaya. Da muka gwada da la'asar sai na ji bes ɗina ya zama siriri, iska na kwashe shi. Na murɗa maɓallin kauri har ƙarshe, abin da ke ƙara cinye ƙarfin amfilifaya ba tare da ya ƙara wa na nesa komai ba. Da na ga bai yi ba, sai na je wajen yaran da suka kawo kayan sauti na haya, suka ba ni wani akwati da ba sa amfani da shi.

A bayan amfilifayar Kawu akwai ramin sifika biyu, kuma a ƙarƙashinsu an rubuta cewa kada nauyin ya gaza om 4. Akwatin Kawu om 4 ne. Na haya ma om 4 ne. Na yi lissafi a tsaye: huɗu da huɗu takwas, takwas ta fi huɗu, lafiya lau. Na soka waya na koma wajena.

Ni da na ci jarrabawar lissafin lantarki a aji ɗaya na jami'a. Om ma'aunin yadda sifika ke tare wuta ne, kuma ramukan nan biyu a jere suke gefe da gefe, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Soka akwati na biyu tamkar buɗe wa ruwa ƙofa ta biyu ne, tarewar raguwa take yi. Akwati biyu masu om 8 suna zama 4. Mai 8 da mai 4 suna zama wajen 2.7. Biyu masu 4 kuwa 2 suke zama. Na sa tsohuwar amfilifaya ta riƙa zuba ninkin wutar da aka gina ta a kai, a daren zafi, an murɗe ta har wuya. Ta yi haƙuri da ni wajen minti arba'in.

Daga baya na gane ba mantuwa kaɗai ta ja ni ba, har da tarbiyyar sana'ata. Mu a wajenmu, in manhaja ta ba ka gurbin shigar da abu, aikin wanda ya rubuta ta ne ya hana ka shigar da abin da zai karya ta. In ka yi kuskure ta nuna maka jan rubutu. In ma ka ɓata komai, akwai ajiyar jiya, ka koma kanta kamar ba a yi ba. Na saba gwadawa tukuna in karanta bayani daga baya, domin gwaji a wurina kyauta ne. Da na ga rami biyu, zuciyata ta ce tunda an bar shi a buɗe an halatta ke nan. Wanda ya ƙera amfilifayar nan shekaru arba'in da wani abu da suka wuce ya rubuta gargaɗinsa layi ɗaya, ya ɗauka mai karatu zai karanta.

Bayan kwana biyu na ɗauki kayan a a-daidaita-sahu na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya, wanda shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. Na gaishe shi na ce, "Baba, janareta ne ya ƙona mana ita a wajen biki."

Bai ce komai ba. Ya kwance murfin, ya ɗauko mita ya fara bi. Taransifoman ciki lafiya. Manyan kwandensa lafiya. Da ya iso kan tiransistocin da ke jere a jikin ƙarfen sanyaya, sai ya nuna mini biyu da suka haɗe, da 'yan ƙananan resisto na gefensu da suka yi baƙi ƙirin. Sannan ya ɗora mitar a kan akwatin Kawu. Ya ce akwatin om 4 mai lafiya wajen 3 yake nunawa a mita, wannan kuwa 6 ya nuna, wato sifika ɗaya ce ta rage da rai. Ya taɓa wa kowace batir, ɗaya ta yi tsalle, ɗaya ko gezau. Lokacin da tiransisto ya haɗe, wuta tsagwaronta ta wuce kai tsaye ta dafa kwayil ɗin.

Ya ce, "Ɗana, wutar janareta ta ƙofar gaba take shigowa. Wannan ɓarnar ta ƙofar baya ce. Fiyano da kuka jona layi ɗaya ya ƙone?"

Na ce a'a.

"To akwati nawa ka ɗora mata?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da aikinsa. Can ya kira ni ya nuna mini wani abu: daga cikin tiransistocin da suka tsira, biyu ba irin sauran ba ne, kuma dalmar da aka like su da ita aikin hannu ce, ta tsufa ta dushe. Ya ce, "An taɓa yi mata irin wannan, tun ba a haife ka ba wataƙila."

Gyaran ya ɗauki mako uku, saboda neman tiransisto na asali da naɗa sabon kwayil. Ya cinye kuɗin da nake tarawa na sayen nawa kayan. A makonnin nan na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko, na tarar ashe duk tarihin abin kokawa ce da iska. Leo Fender ya fito da jitar Precision Bass a 1951, ya biyo ta da amfilifayar Bassman a 1952, amma masu jita ne suka fi morar ta, har Jim Marshall ya kwaikwayi tsarinta a Ingila a 1962. Ampeg ta yi B-15 a 1960, ƙarama mai daɗin murya wadda ta dace da ɗakin ɗaukar sauti. Da filayen wasa suka girma sai ta fito da SVT a 1969, mai wat 300, kanta kaɗai ya kusa kilo 40, akwatinta mai sifika takwas 'yan inci 10, har makaɗa suke kiransa firji.

Na kuma gane wat ba shi ne ƙara ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka samu, ɗan ƙari ne da kunne zai lura da shi amma ba zai girgiza kowa ba. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka wat wajen sau goma. Ƙara yawan sifika da ingancin akwati sun fi ƙara wat amfani, don haka tunanina na ƙara akwati a fili ba shi ne kuskuren ba, lissafin ne. Dubban wat ɗin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwalin kayan kasuwa da sunan PMPO kuwa kallon kitse ne ake yi wa rogo, adadin RMS shi ne abin dubawa, tare da om ɗin da aka auna shi a kai. Akwai kuma wata ƙa'ida da ake jingina wa Josef Anton Hofmann: ƙanƙantar akwati, zurfin sauti, da yawan ƙara a kan wuta kaɗan, biyu za ka zaɓa, uku ba sa haɗuwa. Wannan kam na gane ta nan take, domin kullum haka muke gaya wa masu ba mu aiki game da sauri da araha da inganci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin matsalata a daren nan waya ɗaya ce: in ja layi daga bes zuwa miksar masu haya, manyan sifikunsu su ɗauki fili, kayan Kawu su tsaya a bayana ina jin kaina.

Ranar da na mayar da kayan, na sami Kawu a ƙofar gida bayan sallar la'asar. Na zauna ta damansa, domin kunnensa na hagu ya daɗe da yin nauyi, ladan shekarun da ya yi tsaye tsakanin akwati da mai ganguna. Na ce, "Kawu, ba janareta ba ne. Ni na ɗora mata akwati biyu masu om huɗu. Ka yi haƙuri, na yi maka ƙarya."

Ya ce, "Na ga akwatin ai. Tun daga inda nake zaune na hango shi."

"Me ya sa ba ka hana ni ba?"

"Ina cikin surukai, in taso in tsallaka fili in kwance wa Injiniya waya a gaban jama'a? Na ce wataƙila mai takwas ne." Ya yi shiru kaɗan. "Ƙonewar ba ta dame ni ba kamar janaretan."

Na rasa abin cewa. Da na ga shirun ya yi tsawo sai na kawo maganar tsohuwar dalmar da mai gyara ya nuna mini. Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan a wani wasan Sallah ne, kuma amfilifayar a lokacin ba tasa ba ce, ta maigidansa ce. Wata shida ya yi yana kiɗa ba a biyansa kafin ya fanshi kansa, daga baya ya saye ta. Na tambaye shi ko shi ma ya ce janareta ne. Ya ce, "Lokacin Nepa ake cewa."

Sai da na ƙara shekara guda ina tari kafin na sayi nawa. Na zaɓi ƙaramin kai irin na zamani da ake kira Class D, mai cin wutarmu kai tsaye ba taransifoma, wanda ke kashe kansa in ya yi zafi, bai kai kilo uku ba, yana shiga jakar kwamfutata. Akwati kuwa biyu na saya, kowanne om 8. In ɗaki ne in ɗauki ɗaya, in fili ne in haɗa biyu su ba ni 4, daidai abin da aka rubuta a bayan kan. Na je shagon da jitata, na kaɗa tsirkiya mafi kauri da ƙarfi na saurara ko faifan sifika zai yi ɓarɓar, na sa aka ɗora mita a gabana. Na sayi wayar sifika ta gaske mai kauri, domin siririyar wayar jita ba a yi ta don ɗaukar wannan wuta ba. Na haɗa da abin toshe kunne.

Na kai wa Kawu ya gani. Ya ɗaga kan da hannu ɗaya, ya jijjiga shi kusa da kunnensa na dama, ya ce, "Wannan fa babu komai a ciki, an cuce ka." Na jona na miƙa masa jitar. Ya ƙi karɓa, ya ce in kaɗa. Ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin, ya rufe ido, na yi ta zagaya layi ɗaya. Da na tsaya, sai ya leƙa bayan akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya karanta abin da aka rubuta, ya dube ni.

"Takwas da takwas nawa, Injiniya?"

Na ce, "Huɗu, Kawu."

Ya miƙo hannu ya karɓi jitar.