Wayar da ke cikin aljihu

Tsadar haya a Abuja takan haɗa mutanen da ba su zaɓi juna ba. A unguwa irin Kubwa, ma'aikata biyu sukan yi karo-karo su kama ɗaki, kuma idan zama ya yi tsami babu mai iya fita kafin kuɗin shekara ya ƙare. A irin wannan ɗaki ne wata ma'aikaciyar jinya take jin abokiyar zamanta tana cewa, duk sanda suka saɓa, wata rana sai ta watsa mata ruwan batir. Babu na uku a wurin. A tsakar gida kuwa, mai barazanar ta fi kowa fara'a.

Ta daɗe tana juya tambaya guda: idan ta kunna wayarta a aljihu ta naɗi muryar, ita ma ta zama mai laifi? Tarbiyya ce ta fara riƙe mata hannu, domin an rene ta a kan cewa asirin ɗaki ba ya ƙetare ƙofa.

Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 37, ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa, kuma ɗakin nan gidan su biyun ne. Sai dai maganar da aka faɗa wa mutum a idonsa domin ya ji ya firgita, da wuya mai ita ta kira ta sirri. Ita kanta barazanar laifi ce a dokar Final Kod, wadda sashenta na 397 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara bakwai idan ta kisa ce ko ta mummunan rauni. Dokar Shaida ta 2011 kuma, a sashe na 14, ta ce ana karɓar hujja ko da an samo ta ta hanyar da ba ta dace ba, sai in alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta.

Inda ake tuntuɓe shi ne sashe na 84, mai buƙatar bayanin na'urar da ta samar da hujjar da tabbacin lafiyarta lau. A shari'ar Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda rashin cika wannan sharaɗi. Muryar da aka datse, ko aka tura daga waya zuwa waya har asalinta ya ɓace, abin wasan lauya ce.

Wannan uzuri yana da iyaka. Da zarar ta bar wayar a ƙarƙashin gado ta tafi aiki, tana naɗar hirar da ba da ita ake yi ba, ta shiga leƙen asiri. In kuma ta watsa muryar a WhatsApp domin ta huce haushi, mai barazanar ta samu ƙarar da za ta shigar. Wurin muryar shi ne teburin ɗan sanda ko na lauya, cikakkiya, a cikin wayar da ta naɗe ta, kuma gara a kai ta bayan an kwashe kaya daga ɗakin.