Baƙin Tukunya Ba Laifin Mai Wanki Ba Ne

A gidanmu da ke unguwar Jahun cikin garin Bauchi, rufin madafin Inna baƙi ƙirin yake da kunkunniya, domin tun kafin a haife ni da icce ake girki a cikinsa. Daga baya aka koma risho. Da kananzir ya yi tsadar da ta fi ƙarfinmu, sai a shekarar 2023 na tara 'yan kuɗaɗe na sayo murhun gas da silinda mai cin kilo 6 a Kasuwar Wunti. Inna ta dube shi a ɗage ta ce, "Ɗan nan, ni wutar da ba ta barin toka ban yarda da ita ba." Ni kuwa na bugi ƙirji na ce mata daga ranar an yi ban kwana da baƙin tukunya.

Haka aka yi har hunturu ya shigo. Sannu a hankali sai gindin tukwane ya fara yin baƙi, bangon da ke bayan murhun ma ya dafe. Da yake ba na son Inna ta ce maganarta ta fito, sai na ɗora laifin a kan ƙanwata, na ce ba ta iya wanke-wanke ba. Kullum da sassafe tana durƙushe da toka da soson ƙarfe, har hannunta ya tsattsage don sanyi, amma da an ɗora girki baƙin ya dawo. Ta ce in ta daɗe a madafi kanta na ciwo, na ce lalaci ne.

Da abin ya ishe ni, na ɗauki murhun na kai wa wani dattijo mai gyara kusa da Kasuwar Muda Lawal. Kafin ya taɓa shi ya tambaye ni, "Samari, wane launi wutar take yi?" Na ce, "Baba, ruwan ɗorawa ce, kamar ta acibalbal." Ya ce to nan gizo ke saƙa. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. Idan ta koma ruwan ɗorawa, iska ba ta ishe ta ba, gas ɗin ba ya ƙonewa sarai, ragowar ce ke mannewa a tukunya. Ya cire kan murhun, sai ga ƙananan hujojinsa sun toshe da busasshiyar miya da kunun da ya yi ɓori, kafar shigar iska kuma cike da ƙura da yanar gizo.

Gyaran bai kai rabin awa ba. A rufe silinda, a bar murhu ya huce, a jiƙa kan cikin ruwan ɗumi da omo, a goge da tsohon buroshin haƙori. Hujojin da allura ake tsokane su, ban da tsinken tsintsiya don yakan karye a ciki. A shanya ya bushe sarai kafin a mayar. Ya kuma gargaɗe ni kada a faɗaɗa 'yar kafar da gas ke fitowa, in kuwa ana zargin tiyo na yoyo, da ruwan kumfa ake gwadawa, ba da ashana ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya na karanta shi. Wutar da ke yin baƙi takan fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma ciwon kai da jiri na cikin alamunta na farko. Ga shi saboda ƙura da sanyi mun toshe tagar madafin da buhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutum kusan miliyan 3.2.

A ranar na yaye buhun, na kuma ba ƙanwata haƙuri. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai sai ka saya mini man shafawa." Na saya. Yanzu duk Asabar ni ke wanke kan murhun, Inna kuwa tana leƙowa ta duba ko wutar shuɗiya ce.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai masu girki da ƙaramar silinda a ɗakunan haya, in kun ga baƙi a gindin tukunya, ku fara duba launin wuta, ku buɗe taga, kafin ku ɗauki soso. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.