Farashin da ke kan waya ba shi ne farashin Matazu ba

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, manoman rani da dama a yankinmu suka jingine injin fetur, suka koma famfon sola. Abin ya yi daɗi, sai dai fa in kwantirola ta ƙone, gyaranta yana hannun wasu 'yan mitsi-mitsin kaya irin su MOSFET da kafasita, waɗanda da wuya ka same su a nan. Ƙanena gyaran inbata da famfo yake yi, ni kuma ni ke masa oda in na taso daga ofis. Ga abin da na lura da shi.

Wuri uku muke dubawa: Sabon Gari a Kano, kasuwar Alaba a Legas, sai China ta AliExpress ko 1688. In ka jera farashin ukun, na China kamar kyauta ne. To amma bi shi a sannu.

Na farko, dala. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 wajen naira 460 take a hukumance, shekara ba ta zagayo ba ta haura 1,500. Na biyu, biyan kuɗin. Tun 2022 bankuna suka toshe sayayyar waje da katin naira, sai a Yulin 2025 wasu suka buɗe. Na uku, dako. Ejan ɗin da ke Guangzhou da kilo yake caji in ta jirgin sama ne, na ruwa kuma da girman kwali, ga shi batirin litiyam kuɗinsa daban. Kwastam dai sun sassauta, tun Satumban 2025 kayan da ba su wuce dala 300 ba babu haraji a kansu.

Sai zangon da ba a rubutawa a shafin kowa: Kano zuwa Matazu. Kaya su tsaya a birni, ka nemi wanda zai karɓa, ya kai tasha, ya damƙa wa direba, ka biya, ka yi ta bugun waya. Wallahi wani lokacin wannan zangon ya fi kayan tsada.

Ga kuma jabu. Akwai masu goge lambar tsohon kaya su buga sabuwa. In a Sabon Gari ka saya, gobe ka koma ka tsaya a gaban mai shago. In daga China ne fa? Ko an mayar maka da kuɗi, wa zai mayar maka da mako huɗun da ka yi kana jira? Tumatir ba ya jiran jirgi. Kwana kaɗan ba ruwa, wahalar mutum ta shekara ta tafi. Shi ya sa Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Yanzu ga tsarinmu. Aikin gaggawa Kano, ko da tsada. Ƙananan kaya marasa nauyi da ake yawan nema, China, amma tun da damina, kafin rani ya kama. Sabon dillali kuwa sai an gwada kaɗan tukuna.

Shawarata ga masu gyara na Matazu, Musawa da Kankia: ku haɗa oda wuri guda. Kilo ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwan irin waɗannan kaya, kuɗin dako in an raba shi ba ya ciwo. Wanda ya san amintaccen ejan ya taimaka mana da bayani, manomi ne zai amfana.

Allah Ya ba mu rani mai albarka.