Baturiyar Da Ta Zana Dazuzzuka

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan ba ku na wata Baturiyar Ingila da ta tsaya min a rai tun da na ga zane-zanenta a intanet. Sunanta Marianne North.

An haife ta a 1830, ba ta taɓa aure ba. Mahaifinta ya rasu a 1869, tana dab da cika shekara arba'in. Maimakon ta zauna zaman makoki har abada, sai ta ɗauki fenti da buroshi ta shiga duniya a 1871. Ta je Jamaika, Barazil, Japan, Indiya, Ostareliya da Afirka ta Kudu, tana zana tsirrai a inda Allah Ya tsiro da su, da tsuntsun da ke kai da dutsen da ke baya. A tsibirin Borneo ta zana wani tsiro mai kama da tulu da ke cin ƙwari, masana suka ga ba su san irinsa ba, suka sa masa sunanta, Nepenthes northiana.

Da kuɗinta ta gina ɗakin nuni a lambun Kew da ke Landan, aka buɗe shi a 1882. Zane sama da 800 ne manne da juna a bango, har yau suna nan, ita kuwa ta rasu tun 1890. Allah Sarki! Wasu dazuzzukan da ta zana an sare su, sai dai a gan su a bangon nan.

Abin da ya taɓa ni shi ne, matar nan ta tsaya ta kalli kowane ganye da kyau. A littattafanmu kuwa, masoya za su haɗu a lambu "mai furanni kala-kala", shi ke nan an wuce. Wane fure? Wace bishiya? Ga kanya, ga ɗorawa, ga gawo da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, gatari na cin su kullum, yaran birni da yawa ba su san su ba.

'Yan uwana marubuta, alƙalami ma buroshi ne. Idan gwarzonki zai jira budurwarsa, ki tsayar da shi ƙarƙashin tsamiya, ki faɗi sunanta da yadda inuwarta take. Wata rana jikokinmu a nan za su same ta.

Sai mun haɗu a babi na gaba, in Allah Ya kai mu.