Silverstone: Filin Jiragen Yaƙi Da Ya Koma Fagen Sukuwar Motoci

Matafiyin da ya bar birnin Landan ya nufi arewa maso yamma, in ya ci mil 60 da 'yan kai, zai iske wani ƙauye da ake kira Silverstone, a kan iyakar lardunan Northamptonshire da Buckinghamshire. Ƙauyen kansa ba shi da wani abin faɗi, daga coci sai 'yan gidajen dutse da gonaki. Abin da ya kai sunansa duniya yana bayan gari, wato wani makeken fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ba tudu ba kwari, iska kuwa ba abin da ke tare ta. Baƙon da ya zo da kaka ba tare da rigar sanyi ba, shi zai ba da labari.

A 1943 aka buɗe wannan fili domin jiragen sama masu jefa bom, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare jirage suka tashi, aka bar titunansu kwance ba mai bi. Masu sha'awar tseren mota suka ga banza ta faɗi. A 1948 aka yi babban tseren farko a nan, da dammunan ciyawa da gangunan mai aka shata hanya. Ran 13 ga Mayu 1950 kuma aka buɗe gasar duniya ta Formula 1 a wannan fili, Sarki George na Shida da kansa ya zo kallo.

Sunayen kwanonin hanyar su ne suka riƙe tarihin wurin. Akwai miƙaƙƙen titi mai suna Hangar, saboda rumfunan jiragen da ke gefensa a da. Kwanar Stowe ta ci sunan wata makaranta da ke kusa. Luffield kuwa sunan wani gidan ibada ne na masu zuhudun Kirista, wanda ya rushe tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mai karatu ya riƙe wannan suna na ƙarshe, za a komo kansa.

Ba motocin Formula 1 kaɗai ke gudu a Silverstone ba. Tun 1958 Birtaniya take da gasarta ta ƙasa ta motocin hawa, irin waɗanda magidanci ke kai 'ya'yansa makaranta da su. A kan cire kujerun, a ɗaura bututun ƙarfe a ciki don kare direba, a gyara inji ya ƙara ƙarfi, amma a ido mota tana nan yadda aka san ta. Daga 1991 aka ce injin kowa kada ya wuce lita 2. Da haka tsere ya yi zafi, don ba wanda ya fi wani inji sosai, sai dai gwaninta da ƙarfin hali. Kuma da yake motocin suna da gangar jiki, ba kamar na Formula 1 ba, direbobi ba su jin tsoron goga wa juna kafaɗa.

A kakar 1992 an yi tsere 15. A Silverstone aka fara, a nan kuma aka rufe. Tsakanin nan ayarin manyan motoci da makanikai ya zaga ƙasar kamar fatake. Sun je Thruxton da Snetterton da Pembrey ta ƙasar Wales, dukansu tsofaffin filayen jirage ne. Sun je Brands Hatch a lardin Kent, inda hanya ke kwance cikin kwari 'yan kallo na bisa, kwanar farko kuma tana gangarawa kamar za a faɗa rijiya. A shekarar ce kuma gasar ta fara hawa Knockhill ta ƙasar Sikotilan, wata 'yar gajeruwar hanya mai hawa da sauka a gefen tudu, inda hazo da ruwan sama ba baƙi ba ne.

Mutum uku ne suka yi fice. Na farko John Cleland, ɗan Sikotilan, dillalin motoci, mai baki kamar reza, yana tuƙa Vauxhall Cavalier, wadda a titunan Nijeriya aka fi sani da Opel Vectra. Shi ya cinye tsere biyun farko. Na biyu Will Hoy, mai riƙe da kambin 1991, wanda ya koma Toyota Carina. Hoy ya yi wata asara a Brands Hatch, inda shi da abokin aikinsa Andy Rouse suka yi karo suna kan gaba, suka bar wa Cleland nasara a ɓagas. Na uku Tim Harvey, cikin sabuwar BMW 318is da ta ƙi daɗin hannu a farkon shekara. Da makanikai suka gano kanta sai Harvey ya zama dodo, daga Knockhill ya ci tsere 5 a jere.

Saboda haka ran 4 ga Oktoba 1992 aka komo Silverstone, Cleland na gaba, Harvey da Hoy na bin sa da tazarar 'yan maki kaɗan. Tsawon hanyar a lokacin mil 3 da rubu'i ne. Abin mamaki, ba ɗaya daga cikin ukun da ya tashi a sahun gaba, duk suna cikin tsakiyar garke.

To, a nan ne mutum na huɗu ya shigo. Steve Soper abokin aikin Harvey ne a BMW, kuma masana da yawa na ganin ya fi kowa iya tuƙi a filin. Amma ba ya cikin neman kambi, don rabin hankalinsa na Jamus, inda yake wata gasar. Tun farkon tsere aka buge shi motarsa ta juya, ya koma na ƙarshe da baya a lotse. Daga can ya dinga tsinke motoci ɗaya bayan ɗaya, har ya cim ma masu neman kambi ana dab da gamawa.

Abin da ya biyo baya bai cika minti biyu ba. A kwanar Copse Harvey ya kutsa wa Hoy, duka biyun suka buɗe, Hoy ya hau ciyawa, Cleland da Soper suka wuce su. Can gaba Soper ya sha gaban Cleland, har kyamarar da ke cikin motar Cleland ta nuna shi yana yi masa daƙuwa irin ta Turawa. A kwanar Bridge Harvey ya wuce Cleland, nan take Soper ya kauce ya ba ɗan'uwansa hanya, ya tsaya tsakaninsu kamar garkuwa. Cleland ya san in aka ƙare a haka kambi ya tafi. Da suka iso Brooklands sai ya cusa kai ta ciki, motocin suka haɗu, Cavalier ta ɗaga a kan taya biyu, ya dai fito gaba. Yadi kaɗan bayan nan ga Luffield. Soper ya shigo ta ciki da gudun da kwanar ba za ta ɗauka ba, ya daki Cleland, su biyun suka yi cikin tsakuwa. Tserensu ya ƙare nan.

Rouse ne ya ci tseren, amma ba wanda ya kula da shi. Harvey ya zo na huɗu, ya ɗauki kambi da maki 152, Hoy 149, Cleland 145. Cleland ya fito daga mota yana huci, ya gaya wa ma'aikatan talabijin cewa Soper dabba ne.

Har yau Turawa ba su gama gardamar wannan karo ba. Masu goyon Soper sun ce Cleland ne ya fara, wanda ya yi jifa a kasuwa kuwa bai san kan wanda zai faɗa ba. Gaskiya ne, shigar da Cleland ya yi a Brooklands ba ta ladabi ba ce. Amma akwai bambanci: Cleland kambinsa yake nema, kuma bayan gogayyar motocin biyu sun ci gaba da tafiya. Soper ba shi da abin da zai rasa, fitarsu tare kuwa ta share wa abokin aikinsa hanya sarai. Ko da gangan ne ko zafin zuciya ne, wannan yana cikin ransa. Daga baya dai mutanen biyu sun shirya. Cleland ya sake cin kambi a 1995, bayan wanda ya ci a 1989. Harvey bai ƙara ci ba, ya koma mai sharhin gasar a talabijin. Hoy ya mutu a 2002.

Mai ziyara da ke son ganin inda abin ya faru sai ya yi haƙuri, don wurin ya sake kama. A 1997 aka haɗe kwanoni biyun Luffield suka zama guda ɗaya mai tsawo. A 2010 kuma aka karkatar da hanya, aka daina bi ta Bridge, yanzu ta wani titi dabam motoci ke isowa Brooklands.