Yadda Ake Riƙe Karatu a Ka

Idan yaro ya riƙe karatu da wuri, sai ka ji ana cewa Allah Ya ba shi kai. Idan kuwa ana biya masa yau gobe ya zubar, sai a ce daƙiƙi ne, a bar shi can ƙarshen aji. Na daɗe ina jin wannan hukunci, tun ina rungume da allo har na zama malamin firamare, har na ajiye alli, kuma kullum ƙara ƙin yarda da shi nake yi. Baiwa gaskiya ce, ba na musu. Amma yawancin mutanen da na sani da ƙarfin hadda, da na zauna kusa da su na lura, na tarar kowannensu da hanyar da yake bi, ko da shi kansa bai san tana da suna ba. Hanya kuwa aba ce da ake nuna wa mutum ya bi.

Ku dubi yadda ake fara wa kolo babbaƙu. Malamanmu na dā sun san ɗan shekara biyar bai taɓa jin Larabci ba, saboda haka suka raɗa wa haruffa sunaye gwargwadon surarsu. Ain ɗin da ke tsakiyar kalma suka kira shi ain likkafa, na farkon kalma da ya buɗe baki suka ce ain baki wofi. Ga ɗa mai hannu, ga mim jaye mai jan wutsiya. Yaron da ya taɓa ganin ƙafar mahayi cikin likkafa ranar hawan salla, da wuya ya manta wannan harafi. Asalin dabarar ke nan, duk sauran rassa ne: a ɗauki abin da ba a sani ba a ɗaure shi jikin abin da aka sani. Sabon karatu kamar ƙwaryar nono yake, in ba ka da ragayar da za ka rataye shi, a ƙasa za ka ajiye, kuma ba zai kai yamma ba.

Da karatu ya yi nisa, dabarar ba ta sauya ba. Mai koyon tajwidi ana tattara masa haruffa shida na idgami cikin kalma guda, yarmaluna, ya riƙe ɗaya maimakon shida. Masu hisabi sun ba kowane harafi adadinsa, har marubuta waƙa suka riƙa dunƙule shekarar da suka gama aiki cikin kalma ɗaya a baitocin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. A lissafin da ake bi a ƙasarmu shin tana daidai da 1000, ra kuma 200, shi ya sa za ka ga ramzin malaman zamanin Shehu sau da yawa da waɗannan haruffa biyu yake farawa. Alƙur'ani kansa an yanka shi izu 60, kowane izu sumuni takwas, ya zama sumuni 480, domin almajiri ya san iyakar abin da ke gabansa yau. Alarammomi kuma suna da harji, ƙididdigar sau nawa kalma kaza ta zo da siga kaza da kuma wuraren da ta zo, don kada ayoyi masu kama da juna su ja mutum daga wata sura zuwa wata. Wanda ya taɓa zama inda gwanaye ke ja-in-ja a kan harji ya san wannan ilimi ne mai zaman kansa.

Sai waƙa, wadda a ganina ita ce babbar taskar magabata. Ibn Malik, wanda ya rasu a 1274, ya zuba nahawun Larabci cikin baiti kusan 1000, kuma har yau ana haddace Alfiyya a zaurukanmu. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san matan ƙauye ba su da littafi, yawancinsu ma ba sa karatu, sai ta wallafa darussan tauhidi da tarihi da tarbiyya cikin waƙa da Hausa da Fulatanci. Jajojinta, wato jagororin matan 'yan taru, suka haddace, suka kai wa mata har cikin ɗakunansu. Dalilin da ya sa waƙa take zama a ka ba ɓoyayye ba ne. Kari da amsa-amo suna tsare kalma. In ka manta guda ɗaya, nauyin baitin zai gaya maka tsawonta, ƙarshen ɗangon ya gaya maka sautinta, sai ka ga ta dawo da kanta. Da haka aka riƙe jerin sarakunan Kano cikin Waƙar Bagauda.

Akwai wata dabara da ban same ta a tsangaya ba, sai da na girma na karanta labarinta, kuma ina ganin ya kamata 'ya'yanmu su san ta. Daga ƙasar Girka ta fito. Sisero, masanin Rumawa, ya ruwaito cewa wani mawaƙi mai suna Simonidis, wanda ya rayu wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya halarci wata walima, aka kira shi waje, yana fita rufin ɗakin ya rufta kan mutane. Gawarwakin suka dame har dangi suka kasa gane nasu. Simonidis ya tuna inda kowa ya zauna, ya bi wuri wuri yana faɗin sunaye. Daga nan ya gane cewa zuciyar ɗan Adam tana riƙe wuri fiye da yadda take riƙe magana. Masu huɗuba a Rum suka ɗauki abin, suna haddace dogon jawabi ta hanyar ajiye kowane batu a wani lungu na gidan da suka sani.

Yinta ba wuya. Ka ɗauki gidanku, wanda ko da tsakar dare za ka ratsa ba fitila: ƙofa, zaure, tsakar gida, rijiya, madafi, turke, rumbu. A ce an aike ka sayen manja da gishiri da sabulu da allura. Ka hango manja ya malale a bakin ƙofa har ka zame, buhun gishiri ya zauna kan buzun maigida a zaure, tsakar gida ta cika da kumfa, ga allura mai tsawon taɓarya a tsaye cikin rijiya. Idan ka isa kasuwa, ka shiga gidan nan a zuci, kowane wuri zai miƙo maka abin da ka ajiye. Gwargwadon yadda hoton ya zama na ban mamaki, gwargwadon yadda zai zauna. Bakano da yake buƙatar wurare da yawa yana iya bin ganuwa, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Mata, Wambai, Mazugal, ya yi ta zagayawa. Haka ɗalibi zai jera matakan amsa a jarrabawa, haka mai wa'azi zai jera batutuwansa ba tare da takarda ba.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. Tun 1991 ake gasar duniya ta riƙe abu a ka, kuma a 2003 wata masaniya a Landan, Eleanor Maguire, ta binciki mutum goma da suka yi fice wajen hadda, yawancinsu daga cikin zakarun wannan gasa. Ba ta sami ƙwaƙwalwarsu ta bambanta da ta sauran mutane a halitta ba, ba su kuma fi kowa basira a gwaji ba. Tara daga cikinsu da wannan dabara ta wurare suke aiki. A 2017 kuma wasu masu bincike ƙarƙashin Martin Dresler suka koya wa mutane gama-gari ita na mako shida, rabin sa'a a kullum, sai yawan kalmomin da suke iya tunawa ya ninka, kuma bayan wata huɗu amfanin bai gushe ba.

To amma ga inda nake so 'ya'yana da jikokina su tsaya su saurara. Duk waɗannan dabaru aikinsu shigar da karatu. Abin da ke tsare shi bayan ya shiga shi ne komawa gare shi. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kansa ya wallafa sakamakon a 1885: ya haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya auna yadda suke zubewa, ya tarar fiye da rabi suna tafiya cikin sa'a ta farko, daga nan zubewar ta rage gudu. Ya kuma tarar bita da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Da na karanta wannan sai na ga tsarin tsangaya gaba ɗaya a gabana. Ana karatu da asuba, a tashi, a dawo bayan azahar, a sake zama da dare gefen wuta, sannan a kwanta a kai, barci kuwa yanzu an tabbatar yana ƙarfafa abin da aka koya da rana. Ba a wanke allo sai almajiri ya kawo hadda ba ya dubawa. Gardi yana tishe, yana komawa baya kafin ya ci gaba, wani ma ya fita kiskadi bayan gari inda ba hayaniya. Alaramma da ya rubuta Alƙur'ani da ka, tambaye shi ko akwai ranar da ya bar tilawa.

Kawo hadda ba dubawa, wannan shi ne abin da ɗalibanmu na boko suka fi rasa. Za ka ga yarinya ta zauna da littafi tana ta maimaita shafi da ido har dare ya raba, ta rufe tana jin ta iya, alhali sabo kawai ta yi da shafin. Da ta karanta sau ɗaya ta kife littafin ta faɗi abin da ta riƙe, ta buɗe ta ga inda ta ɓace, ta sake gwadawa gobe da jibi da mako mai zuwa, da ta ci riba fiye da haka da ƙaramin lokaci. Akwai wahala a ciki, domin mutum ba ya son ganin abin da bai iya ba, amma wahalar nan ce take dasa karatun.

Abu ɗaya da ba zan yaba wa tsohon tsari a kai ba shi ne bulala. Na ga yara da suka iya karatunsu sarai a waje, suna durƙusawa gaban dorina ya gudu. Tsoro yana ɗaure harshe, yana kuma sa yaro ya ƙi abin da ake so ya riƙe har abada. Haka nan ban yarda da malamin da zai sa yara su haddace ma'anar kalma a kimiyya ko lissafi ba tare da sun gane ta ba. Nassi ana haddace lafazinsa saboda lafazin ne amana. Darasin lissafi kuwa, in an gane dalilinsa, rabin haddar ta ƙare.

Yanzu da furfura ta cika kai, da waɗannan hanyoyi nake zaune lafiya. Maganin da likita ya ce a sha safe da dare na ɗaure shi da sallar asuba da ta lisha. Lambar waya mai alƙaluma 11 nakan yanka ta uku, huɗu da uku da huɗu, kuma ina ganin bai kamata magidanci ya rasa lambar mutum biyu ko uku a kansa ba, don waya tana ɓata ko ta mutu a ranar da aka fi buƙatarta. Idan aka gabatar mini da baƙo, nakan maimaita sunansa a gaisuwa, in haɗa shi da wani takwaransa da na sani. Mantuwa irin ta tsufa, ka nemi suna ya ƙi zuwa sai an jima, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in kun ga dattijo ya fara ɓata a hanyar gidansa, ko yana tambayar abu ɗaya ana ba shi amsa yana sake tambaya, ko ya kasa gane 'ya'yansa, wannan ya wuce dabara, ku kai shi asibiti, kada ku tsaya cewa tsufa ne ko iska.

Iyaye da malamai, roƙona gare ku shi ne kafin ku kira yaro daƙiƙi ku tambayi kanku ko an taɓa nuna masa yadda ake riƙe karatu. Ku yanka masa shi ƙanana, ku haɗa masa da abin da ya sani a gida da kasuwa, ku sa ya rufe littafi ya faɗa muku, sannan ku sake tambayarsa bayan kwana biyu. Ku yi masa haka zango guda na karatu kafin ku yanke masa hukunci.